Murfin da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya: Kundin Aikina na NMR

14 ga Janairu

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta abu a ranar da ya faru, tun kafin ƙwaƙwalwa ta gyara labarin yadda zai yi mata daɗi. Littafin ɗakin gwaje-gwaje yana nan da lambobinsa. Wannan kuwa na abin da lambobin ba su faɗa ba ne.

Furotin ɗin da zan yi aiki a kansa shi ne adenilet kaines na bakteriyar Escherichia coli, wanda muke taƙaitawa AK. Sarƙa ce ta amino asid 214, nauyinta kusan kilodalton 23 da rabi. Aikinsa guda ne: ya ciro fosfet ɗaya daga ATP, sinadarin makamashin ƙwayar halitta mai fosfet uku, ya ɗora wa AMP mai fosfet ɗaya a sami ADP biyu, kowanne mai fosfet biyu, ko ya yi akasin haka, gwargwadon buƙatar ƙwayar halitta. Bakteriyar ba ta rayuwa idan babu shi. Jikinsa kashi uku ne. Akwai gangar jiki, akwai babban murfi da ya kama daga wajejen amino asid na 120 zuwa na 160 wanda ke kifewa a kan ATP, sai ƙaramin murfi daga wajejen na 30 zuwa na 60 da ke rufe AMP. Dole su rufe, don in ruwa ya samu hanya shi zai wafce fosfet ɗin, aiki ya tashi a banza.

Siffarsa ba ɓoyayya ba ce. Ɗakin binciken Georg Schulz a Firaibog ta Jamus ya fitar da ita ta hanyar haska kiristal da eksire: a rufe cikin 1992, a buɗe cikin 1996. Duka biyun suna PDB, rumbun da ake ajiye siffofin furotin, da lambobin 1AKE da 4AKE. Amma hoto biyu ne kawai, ƙofa a buɗe da ƙofa a rufe. Ba su gaya maka sau nawa ake buɗe ta a sakan ɗaya ba, ko wace gaɓa ce ke fara motsawa.

A 2004 ayarin Dorothee Kern a Jami'ar Brandeis ta Amurka suka nuna da NMR, dabarar sauraron cibiyoyin zarra a cikin maganadisu, cewa abin da ke jinkirta wannan enzayim ba sarrafa sinadarin ba ne, buɗe murfin ne bayan an gama. Tambayata ta fito daga nan. Idan na sassauta babban murfin, na cire amino asid na 142, wato balin, na sa wani amino asid, gilaisin, a gurbinsa, buɗewar za ta ƙara sauri? In ta ƙara, enzayim ɗin zai bi ta? Zatona eh. Na rubuta shi a nan don kada in musa daga baya.

27 ga Janairu

Renon bakteriya. Naitirojin da ke ko'ina a duniya kusan dukansa mai nauyin 14 ne, shi kuwa bai dace da wannan aiki ba. Mai nauyin 15 muke so, kuma a halitta bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kashi 0.37 ne kacal. Dabarar ita ce a hana bakteriya kowane abinci mai naitirojin sai gishirin amoniyam kulorayid da aka haɗa da naitirojin-15, giram ɗaya a lita. Ba ta da zaɓi, da shi za ta gina kowane furotin nata.

Ta girma a hankali kamar yadda ta saba a irin wannan abinci na talauci. Da duhun ruwan ya kai 0.6 a ma'auni na zuba sinadarin IPTG don ta fara zubo AK, na bar ta kwana.

Wani abin lura da Farfesa ya tuna mini: E. coli tana da nata AK ɗin tun asali, kuma shi ma zai ɗauki naitirojin-15. A kan furotin na asali wannan ba komai ba ne, amma ranar da na zo kan wanda na canja, ɗan gurɓin na gida zai iya ruɗa awon ƙarfin enzayim. Saboda haka duka biyun na sa musu wutsiyar histidin shida da ke manne wa nikel, in kama nawa in bar nata ya wuce, sannan in yanke wutsiyar.

4 ga Fabrairu

Tacewa ta yi kyau, layi ɗaya tak a kan jel ɗin da ke rarrabe furotin bisa nauyi. Awon yawansa ne ya ɗan ba ni aiki. Ana auna shi da hasken da yake sha. AK ba shi da tiriftofan ko ɗaya, amino asid ɗin da ya fi shan hasken, tairosin bakwai ne kawai ke shan haske a nanomita 280, don haka ƙaramin datti yana iya kumbura lambar. Na auna sau uku na ɗauki matsakaici.

11 ga Fabrairu

Yau samfur ya shiga maganadisu.

Ga wanda bai taɓa gani ba: tulu ne na ƙarfe da ya fi mutum tsawo, a cikinsa naɗin waya na kwance cikin ruwan hiliyam mai sanyin kelbin 4, ruwan naitirojin kuma na kewaye da shi. A wannan sanyi lantarki yana zagaya wayar ba tare da tangarɗa ba, shi ya sa ba a kashe shi. Namu tesla 14.1 ne. A wannan ƙarfi cibiyar zarrar haidirojin tana kaɗawa sau miliyan 600 a sakan, ta naitirojin-15 kuma kusan miliyan 61. Kana buga musu gajeren bugun rediyo, sai ka yi shiru ka saurari amsa-kuwwa. Felix Bloch da Edward Purcell ne suka fara gano wannan kaɗawa a cikin ruwa da daskararren abu, kowa da ayarinsa, aka buga sakamakonsu a 1946, suka raba kyautar Nobel a 1952. Sai da aka shekara hamsin bayan wannan kyauta kafin Kurt Wüthrich ya karɓi tasa a 2002 saboda ya kai dabarar ga siffar furotin.

Gwajin farko HSQC ne, taswira mai fuska biyu: haidirojin a kwance, naitirojin a tsaye. Kowane amino asid yana da haɗin naitirojin da haidirojin guda a ƙashin bayan sarƙar, don haka kowanne ɗigo ɗaya. Furolin ne kaɗai ba shi da wannan haidirojin, kuma AK na da goma. In ka cire su da na farkon sarƙa, ana sa ran ɗigo kimanin 203.

Na ƙirga 190 da 'yan kai, a warwatse kamar taurari a daren da babu wata. Wannan warwatsuwar ita ce shaidar furotin ya naɗu daidai. Da a warware yake, da duk sun cunkushe a tsakiya, wajejen 8 zuwa 8.5. Gilaisin guda 20 suna can sama inda aka san su. Waɗanda ban gani ba, da yawansu daga madaukin da ke riƙe fosfet ne a farkon sarƙa. Ban damu ba. A wannan sana'a ɗigon da ya ɓace ma magana yake yi: ko dai haidirojin ɗinsa na musaya da ruwa da sauri, ko wurin na kai-komo tsakanin siffa biyu da saurin da ke shafe shi.

Mai kula da na'urar ta leƙo allon ta ce, "Malam, kada ka yi murna tukuna. Kowa taswirarsa ta farko tana da kyau."

3 ga Maris

Mako uku na raɗa wa ɗige-ɗige suna. An riga an ajiye na AK a BMRB, rumbun bayanan NMR, amma bafata, wato ruwan da ke riƙe ma'aunin tsami (pH) na samfur, da zafina ba daidai suke da nasu ba, kuma inda ɗigo uku suka matse juna ba a ɗora suna da ka. Sai da na sake reno da gulukos mai kabon-13 na yi gwaje-gwaje masu fuska uku da ke haɗa kowane amino asid da maƙwabcinsa. Aiki ne mai gundura, babu abin faɗi. Ina da tabbacin 181.

17 ga Maris

Motsi mai sauri, na pikosakan zuwa nanosakan. Awo uku ake yi wa kowane naitirojin: R1 da R2, wato saurin lafawarsa ta hanyoyi biyu bayan an buge shi, sai NOE tsakaninsa da haidirojin ɗinsa. Lewis Kay da Dennis Torchia da Ad Bax ne suka shimfiɗa wannan hanya a 1989 a kan wani enzayim na bakteriyar Staphylococcus, lissafin kuma na Lipari da Szabo ne tun 1982. Abin da ake samu a ƙarshe lamba ce tsakanin sifili da ɗaya ga kowane amino asid. Ɗaya na nufin a kafe yake ƙam, sifili na nufin yana lilo ko'ina. Sassan da suka naɗu sosai kan faɗo wajejen 0.85.

Haka gangar jikin ta fito. Murafen biyu sun ɗan yi ƙasa, musamman madaukan babban murfi, wutsiyar ƙarshe kuma ta fi kowa sakewa. Babu abin mamaki.

Abin da ya sa zuciyata bugawa shi ne wata murɗiya guda da R2 ɗinta ya haura na kowa, amino asid bayan amino asid, reras. Idan R2 ya yi tsalle haka, abin da mutum ke fara tunani shi ne motsi mai jinkiri, na mikrosakan ko milisakan, irin wanda nake nema. Har na zana hoton na shafa mata jan launi.

19 ga Maris

Na kai wa Farfesa hoton. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wace siffa ka ba furotin ɗin a lissafinka?" Na ce ƙwallo. Ya ce, "Ka dubi 4AKE. Ƙwallo ka gani?"

Ba ƙwallo ba ne. A buɗe, AK doguwar halitta ce mai hannuwa biyu. Furotin mai wannan nauyi yana juyi a ruwa cikin nanosakan goma sha wani abu, amma abu mai tsawo ba ya juyawa da sauri ɗaya ta kowace fuska. Murginawa a kan tsawonsa ta fi sauƙi a kan wuntsilawa. Haɗin naitirojin da haidirojin da ya miƙe daidai da tsawon furotin ba ya jin murginawar, wuntsilawar mai jinkiri kawai yake ji, sai R2 ɗinsa ya tashi. A murɗiya kuwa duk waɗannan haɗe-haɗe fuska ɗaya suke kallo. Shi ya sa suka tashi tare, reras, yadda ya burge ni.

Na sake lissafi da siffar gaskiya. Jan launin ya goge, sai amino asid biyu da ban yarda da su ba tukuna. Abin da ya ƙona mini rai ba kuskuren ba ne, a'a, na san wannan tarko tun a aji, na ma taɓa bayyana wa wani shi. Da ya zo mini a kamannin abin da nake so, ban gane shi ba.

2 ga Afrilu

Na fara CPMG. Sunan na mutum huɗu ne: Carr da Purcell a 1954, Meiboom da Gill a 1958. Ga yadda nake bayyana shi wa kaina. Ka saki masu gudu daga layi ɗaya, kowa da saurinsa, su warwatse. Can sai ka busa usur kowa ya juyo. Idan babu wanda ya canja sauri, tare za su dawo layin. Amma in wani ya canja sauri a tsakiyar hanya, ba zai iso tare da sauran ba. Naitirojin da furotin ɗinsa ya sauya siffa shi ne wanda ya canja sauri. Idan kuwa kana busa usur akai-akai, ba ka ba kowa damar yin nisa ba, ɓarnar sauyin sai ta ragu. Don haka ake auna R2 cikin tsayayyen lokaci na milisakan 40, ana ƙara yawan bugun daga haz 25 (haz shi ne sau nawa a sakan) har zuwa 1,000. Inda babu sauyin siffa, layi a shimfiɗe. Inda akwai, layi ya gangaro, kuma yanayin gangarar yana ɗauke da saurin musayar, da yawan siffar da ke ɓoye, ko da kashi biyu ko uku cikin ɗari ce.

Wannan ne ya ja ni zuwa NMR tun farko. Siffar da ba ta taɓa taruwa har a ɗauki hotonta ba, sai ga sawunta a jikin wadda ake gani.

Furotin shi kaɗai, ba ADP, digiri 20: kusan komai a shimfiɗe. Ba zan rubuta cewa murfin ba ya motsi ba. Shimfiɗaɗɗen layi yana iya nufin motsin ya fi ƙarfin bugun haz 1,000, ko siffofin biyu ba su bambanta a idon wannan naitirojin ba. Rashin gani ne, ba ganin rashi ba.

9 ga Afrilu

Na zuba ADP da magniziyam, sai taswira ta hargitse fiye da yadda rufe murfi zai sa. Histidin ukun, na 126 da 134 da 172, da maƙwabtansu sun yi nisan da bai dace ba. Ruwa ba ya tsami banza. Na ciro samfurin na auna pH: ya faɗo sosai. Ban daidaita ruwan ADP ɗin ba kafin in zuba, kuma milimola 20 na sinadari mai tsami ya fi ƙarfin bafata. Furotin ɗin ya fara gurɓacewa a gindin bututu. Mako guda na aiki ya tafi.

23 ga Afrilu

Sabon samfur, ADP a pH 7. Yanzu taswirar ta yi kama da ta rufaffen AK da aka sani. Abin da ke da daɗi a wannan gwaji shi ne enzayim ɗin yana tsakiyar aiki ne a cikin bututun. Yana mai da ADP zuwa ATP da AMP, yana dawo da su, ba tsayawa, har an kai ma'aunin da babu mai rinjaye. Ba gawarsa nake dubawa ba.

Gangara ta fito a wurare da yawa, a murafen biyu da gaɓoɓinsu. Amma a wannan karon kafin in shafa wa komai launi, na dubi waɗanda bai kamata su motsa ba, can cikin gangar jiki. Su ma suna da 'yar gangara, ƙarama amma iri ɗaya a ko'ina. Abu in ya bayyana a ko'ina daidai wa daida, ba na furotin ba ne, na na'ura ne.

Zafi ne. Bugun rediyo yana ɗumama ruwa mai gishiri, kuma ADP da magniziyam sun ƙara gishirin. A bugu 1,000 samfurin ya fi ɗumi a kan bugu 25. Ruwa mai ɗumi ya fi tsinkewa, furotin ya fi saurin juyi, R2 ya sauka. Ga gangara ta ƙarya, cif. Maganinsa sananne ne: a ƙara bugun banza a lokacin hutawa don kowane awo ya sha zafi daidai da na ɗan'uwansa. Na duba shirin da na gada, ashe wannan sashe a kashe yake. Na kunna, na kuma auna ainihin zafin cikin na'urar da bututun metanol, don lambar da ke kan allo ba ita ce ta cikin samfur ba.

28 ga Afrilu

Abin da ke sanyaya kan na'ura mai sauraron samfur ya tsaya cikin dare, sai an ɗumama shi an gyara an sake sanyayawa. Kwana tara, in ji mai kula. Ta ce in yi amfani da lokacin in yi barci.

12 ga Mayu

An dawo. Gangar jiki ta shimfiɗe, murafen sun riƙe gangararsu. Na kuma samu kwana uku a na'ura mai megahaz 800, tesla 18.8, kuma wannan shi ne alƙalin gaskiya. Tazarar kaɗawa tsakanin siffa biyu tana ƙaruwa da ƙarfin maganadisu, don haka in musayar mai sauri ce, tsayin gangarar zai ƙaru da murabba'in ƙarfin: 800 bisa 600, a ninka da kansa, ya ba da kusan 1.8. Zafi da kuskuren bugu ba su san wannan lissafi ba. Gangarorina sun ƙaru, yawancinsu ƙasa kaɗan da wannan adadi, abin da ya dace da musayar da ba ta kai matuƙar sauri ba.

Na haɗa amino asid 24 a lissafi ɗaya, na tilasta musu sauri guda. Sun yarda. Jimillar buɗewa da rufewa ta faɗo wajejen 1,500 a sakan, buɗaɗɗiyar siffa kuma kashi goma da ɗoriya cikin ɗari. Wato buɗewa kusan sau 200 a sakan, unguwa ɗaya da abin da aka buga a 2004. Awon ƙarfin enzayim da na yi daban, ta hanyar bin ɓacewar NADH, sinadarin da ke raguwa yayin da enzayim ke aiki, a nanomita 340, shi ma ɗari biyu da wani abu ya ba ni.

Gwajin da ya fi kwantar mini da hankali wani ne. Lissafin CPMG yana fitar da tazarar matsayin ɗigo tsakanin siffar da ake gani da wadda ke ɓoye. Na kwatanta wannan da tazarar da na auna kai tsaye tsakanin taswirar buɗaɗɗe da ta rufaffe. Sun bi juna, ba daidai ɗari bisa ɗari ba, amma a fili. Ke nan ɓoyayyar siffar buɗaɗɗiya ce ko mai kama da ita, ba wani abu daban ba.

Wata huɗu don in sake gano abin da aka sani tun 2004. Wani ɗalibi ya ce mini ai ɓata lokaci ne, da na fara da furotin ɗin da na canja. Ban yarda ba. Da na fara da shi a Fabrairu, da murɗiyar nan da zafin nan duk na ɗora su a kan gilaisin, kuma babu abin da zai ƙaryata ni.

20 ga Mayu

Na lura gangarar rana ta uku ba daidai take da ta ranar farko ba. Na duba fosfaras-31, wanda shi ba ya buƙatar wani reno don duk fosfaras na halitta shi ne. Ɗigon sakakken fosfet yana girma, AMP na ƙaruwa, ATP na raguwa. Wani abu na cin ATP sannu a hankali, wataƙila ɗan gurɓin wani enzayim da jel ba ya iya nunawa. Daga yau kowane samfur kwana biyu ne, kuma da awon fosfaras a farko da ƙarshe. Na sake lissafin 12 ga Mayu da awon kwana biyun farko kawai. Bai motsa sosai ba.

3 ga Yuni

Furotin mai gilaisin a 142 ya fito, ɗan ƙasa da na asali a yawa. A digiri 20 taswirarsa kusan kwafin ta asali ce, sai ɗige-ɗigen da ke kusa da wurin canjin, ga kuma sabon ɗigo a unguwar gilaisin, sun zama 21.

Sai na riƙa ɗaga zafi, digiri biyar-biyar. A 30 ɗige-ɗigen babban murfi suka fara dusashewa. A 35 da yawansu sun tafi, gangar jiki kuwa tana nan daram. A furotin na asali sai an wuce nan kafin a ga alamar haka. Wannan ya dace da abin da ayarin Vincent Hilser suka bayar a 2009 a kan irin waɗannan canje-canje: murfin ba buɗewa da rufewa kaɗai yake yi kamar ƙyaure ba, yakan kuma warware na ɗan lokaci ya sake naɗuwa, kuma gilaisin yana ƙara yawan wannan warwarewa. Gilaisin ba shi da reshe sai haidirojin ɗaya, don haka ƙashin bayan sarƙa ya fi samun hanyoyin lanƙwasa a warware, sai ma'auni ya karkata can.

Na sauke zafin zuwa 20, ɗige-ɗigen suka dawo dukansu. Ba lalacewa ba ce.

17 ga Yuni

Na koma shafin 14 ga Janairu na karanta zatona. Bai tabbata ba.

A digiri 20, da ADP har ya ƙoshi, saurin enzayim ɗin da na canja bai bambanta da na asali ba fiye da kuskuren awo. Gangarorin CPMG ɗinsa ma sun hau kan na asali. Abin da ya canja shi ne riƙo: yana buƙatar ATP mai yawa kafin ya kai rabin saurinsa, kuma tazarar tana faɗaɗa in an ɗaga zafi. Da na zauna na yi tunani, haka ya kamata. Murfin da ya warware ba ya iya riƙe komai, don haka yawan furotin da ke shirye ya kama ya ragu. Amma da zarar ya kama ya rufe, gurbin na 142 yana waje yana kallon ruwa, ba ruwansa da abin da ke riƙe murfin a rufe. Na haɗa motsi biyu a kalma ɗaya, sassauci, na ɗauka duk abin da ya saki ɗaya zai saki ɗayan.

Farfesa ya ce, "To, yanzu ka samu tambayar da ta fi wadda ka zo da ita." Na ce, "Malam, na so a ce amsa na samu." Ya yi dariya kawai.

Akwai abin da bai warware ba. A digiri 30 da ADP, amino asid bakwai na murfin sun ƙi shiga lissafin siffa biyu, ragowar kuskurensu ba bazuwa ba ce, tana da tsari. Ko dai siffa uku ce, rufaffe da buɗaɗɗe da warwararre, ko kuma wani tarko ne da ban gane ba tukuna. Ban shafa musu launi ba.

24 ga Yuni

Tsarin watan gobe. Zan narka samfurin zuwa rabin ƙarfinsa in sake awon 30, don in murfin da ya warware yana manne wa na maƙwabcinsa, gangarar za ta ragu da narkawa. In motsin cikin gida ne, ba za ta damu ba. Zan gwada CEST, dabarar da ɗakin binciken Kay a Toronto ya daidaita wa naitirojin-15 a 2012, wadda ta fi kama musaya mai jinkiri kuma tana nuna matsayin ɓoyayyen ɗigo kai tsaye. Idan warwararre ne, matsayinsa zai faɗo inda na sakakkiyar sarƙa ke faɗowa. Sannan zan rage magniziyam, tunda ayarin Kern sun nuna a 2015 cewa shi ke hanzarta buɗe murfin kusan sau dubu. In na jinkirta buɗewar, ɗayan motsin zai rage shi kaɗai a fage.

Na nemi kwana huɗu a na'urar 800, an ba ni biyu, 8 da 9 ga Yuli. Lita biyu na bakteriya suna girgiza yanzu haka, duhun ruwan 0.3 ne. Saura kamar awa biyu in zuba IPTG.